Kujerar Shiru

Iyayen yara sukan ce, in ka kai ɗanka wurin Anti Babba, mako biyu ya isa. Yaron da ke birgima a ƙasa in an hana shi abu, sai ka ga ya dawo gida yana jera takalmansa a bakin ƙofa. Masu aiki tare da ita a gidan renon yara suna cewa ba ta taɓa ɗaga hannu ta doki yaro ba, ba ta kuma taɓa ɗaga murya ba, kallo kawai take yi. Maƙwabta kuwa cewa suke, matar nan ko gaishe ka ta yi, sai ka duba jikinka ko ka yi wani laifi. Mijinta, mai gyaran wutar lantarki, in abokai suka tsokane shi sai ya yi dariya ya ce shi ma ya kusa gama ajinta. Inna mai shara ce kaɗai ba ta tofawa. In aka matsa mata sai ta ce, "Aikinta take yi," ta ci gaba da matse tsumma.

Ranar Talatar nan da safe, Anti Babba tana durƙushe a tsakar ɗaki tana ƙoƙarin cire wa 'yarta takalmi.

"Ni na saka! Da kaina na saka!"

"Na gani. Kin saka su a juye. Miƙo ƙafa."

"Ƙyale ta mana," in ji mijin daga bakin tebur, yana hura shayi. "Ai ƙafarta ce."

"In na ƙyale yau, gobe riga ce a juye. Jibi kuma kai za ta juya."

"Ni ai an daɗe da juya ni."

Shekarun yarinyar biyu da wata bakwai. Ubanta ne ya sa mata Aku, don tun ranar da bakinta ya buɗe bai sake rufuwa ba. Takan yi hira da cokali, ta yi wa kyanwar maƙwabta faɗa, ta maimaita duk abin da ta ji, har da tsakin uwarta. Yanzu ma tana zaune tana gaya wa takalmin hagu cewa ya yi rashin ji.

Mijin ya miƙa hannu ya ɗauki wani ɗan agogo da ke kan tebur, irin wanda ake saitawa a kicin ya yi ƙara in lokaci ya cika. Ya juya bayansa. Murfin batirin ya karye tun makon jiya, an manne shi da jan tef, irin wanda yake naɗe waya da shi.

"Ashe ke kika shiga jakata. Wannan ba gyara ba ne. Bar min shi, da yamma in yi masa murfi."

"Yau ina da baƙuwa. Ba zan shiga aji babu shi ba."

"Yara ke riƙe shi fa."

"Yarana ba sa taɓa abin da aka ce kada su taɓa."

Ta karɓe agogon ta jefa cikin jaka.

A cikin bas Aku ta gaishe da direba, ta gaishe da wata mata mai kwando, ta sanar da kowa cewa ta ga kare, karen kuma ba shi da wando. Mutane suka yi ta dariya. Wani dattijo ya ce, "Wannan rediyo ce, ina ake rage ta?" Anti Babba ba ta yi dariya ba, amma ta gyara wa yarinyar kitson da ya karkace, hannunta ya ɗan daɗe a kan.

Da suka iso ƙofar gidan renon ta sauke ta, ta durƙusa daidai tsawonta, kamar kullum.

"Daga nan wace ce ni?"

"Anti."

"Mama fa?"

"Mama tana gida."

"Madalla. Wuce."

Yara goma sha huɗu ne a gidan, da masu reno biyu ban da ita. A ƙarshen baranda, kusa da katakon da ake rataye jakunkuna, akwai wata 'yar kujera shuɗiya da ke fuskantar bango. Ita ce kujerar shiru, kuma ita ce duk sirrin Anti Babba. Yaron da ya yi laifi zai zauna a kai, a saita agogo, minti ɗaya kan kowace shekara tasa, a sa masa a tafin hannu. Ba ya magana, ba ya waiwaye, ba wanda ke kula shi. In agogon ya yi ƙara sai Anti Babba ta zo da kanta, yaron ya ce, "Anti, yi haƙuri, na daina," sannan ya sauka. Wanda ya taɓa maɓalli, lokacinsa ya koma farko. Aku ta fi kowa sanin kujerar, don uwar ba ta son a ce tana nuna bambanci. Ba ta iya faɗin kalmar daidai ba tukuna, "haƙuyi" take cewa, masu reno su kau da kai su yi murmushi.

Baƙuwar ta iso ƙarfe tara da 'yan mintuna. Ma'aikaciyar banki ce, tana neman inda za ta riƙa barin ɗanta. Tana tsaye tana kallon aji sai wani yaro ya yi tuntuɓe ya fasa kuka. Anti Babba ta ɗauke shi ta ɗora a cinya tana shafa masa gwiwa. Aku ta yar da abin wasanta ta rugo, ta kama rigar yaron tana ja.

"Sauka! Mamata ce! Mamata ce!"

Baƙuwar ta yi dariya. "Au, taki ce? Kishi kenan."

"A nan duk nawa ne," in ji Anti Babba. Ta ajiye yaron, ta kama hannun Aku zuwa baranda. Ta zaunar da ita, ta saita agogon. Biyu ya kamata, ta sa uku. Ƙarfe tara da rabi daidai.

"Ba za ta tashi ba?" in ji baƙuwar.

"Ko gobara ake yi."

Ta zagaya da matar ɗakin barci, ta nuna mata banɗaki da inda ake wanke kwalaben madara. Suka shiga ofis. Matar mai tambaya ce, kowace amsa sai ta haifi wata tambayar. Ana cikin cike fom Inna ta leƙo, bokiti a hannu.

"Anti, yarinyar nan fa tana nan zaune."

"Agogon ya yi ƙara?"

"Ban ji ba."

"To ta taɓa maɓalli. Ta san hukuncinsa."

"Na ga kamar bakinta..."

"Inna, tsintsiya aka ba ki ko yara?"

Inna ta kalli baƙuwar, ta kalli ƙasa, ta ja ƙofar a hankali.

"Haka ake so," in ji baƙuwar. "Ni a gida mai aikina ta fi ni iko da ɗana."

Sai wajen sha ɗaya saura kwata matar ta tafi. Anti Babba ta raka ta har mota, ta dawo ta amsa waya, sannan ta nufi baranda. Aku tana nan yadda aka bar ta, fuskarta a bango, ta rufe agogon da tafukanta biyu a kan cinya. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Yawu yana bin haɓarta.

"Dube ki, kamar jaririya. Kin taɓa maɓalli, ko?"

Yarinyar ta ɗago ido.

"Me ake cewa?"

Aku ta buɗe baki. Ta yi kamar za ta haɗiye wani abu, fuskarta ta yamutse, ta rufe bakin.

"Ina jira."

Shiru.

"Taurin kai za ki yi min? A gaban baƙuwa kin kunyata ni, yanzu kuma bakin ya mutu. To zauna. In kin shirya, kin san abin faɗa."

Ta zare agogon daga hannunta ba tare da ta duba shi ba, ta sa a aljihun rigar aikinta, ta koma aji.

Lokacin cin abinci ya yi, aka jera yara a tebur. Ko mai laifi ba a hana shi abinci, wannan ma doka ce, saboda haka aka kawo Aku. Aka ba ta ayaba, wadda kullum takan roƙi ƙari. Ta kau da kai. Anti Babba ta ɗauki kofin madara ta kafa mata a baki.

"Sha."

Ta kurɓa sau ɗaya. Madarar ta dawo ta baki da hanci, ta ɓata tebur da takalman uwar. Yaran da ke kusa suka ce, "Iyye, ƙazama!" Aku ba ta yi kuka ba. Wani ɗan sauti kawai ya fito, kamar ƙofar da ke bukatar mai.

"Da gangan kika yi. Koma kujera."

Ta sauka da kanta ta tafi. Inna ta zo da tsumma ta durƙusa tana goge ƙasa, ba ta ɗago ba ta ce, "Tun da nake gidan nan ban taɓa ganin Aku ta yi minti biyar ba ta yi magana ba."

"To yau kin gani. Gyaruwa kenan."

Sha biyu da minti ashirin wani yaro ya ciji ɗan'uwansa. Anti Babba ta sa hannu a aljihu ta ciro agogon don ta saita. Fuskarsa babu lamba ko ɗaya. Ta danna, ta sake dannawa. Ta juya bayansa. Jan tef ɗin ya ɓare yana lilo, murfin manne da shi. Ramin batirin, mai faɗin babban maɓallin riga, babu komai a ciki.

Ta lalube aljihun. Ta fita baranda ta durƙusa tana shafa ƙasa, ta ɗaga jakunkuna, ta leƙa ƙarƙashin katako.

"Inna! Kin share nan? Kin ga wani ƙarfe zagayayye?"

"Sau biyu na share. Ban ga komai ba."

Anti Babba ta juyo da kujerar gaba ɗaya, da yarinyar a kai. Ta nuna mata ramin.

"Aku. Abin da ke nan, ina yake?"

Yarinyar ta kalli agogon, ta kalli uwarta, kamar mai auna ko an yarda ta motsa. Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya ta ɗora a ƙasan wuyanta.

Masu reno sun ce ranar ce suka fara ganin Anti Babba tana gudu. Ta bar jakarta, ta bar ƙofa a buɗe. Inna ce ta kwashi jakar da agogon da takalman yarinyar ta bi ta, ta tsayar da tasi. A cikin motar Anti Babba ta rungume Aku a ƙirji, tana jin yawun yana ratsa rigarta. Direban ya so jan hira, ya ce yara haka suke, shi ɗansa ya taɓa haɗiye kwabo, washegari ya fito.

A asibiti nas ta miƙo fom tana cewa a bi layi. Da ta ji kalmar batir sai ta ajiye biro ta yi ciki da sauri. Likitar mace ce siririya, mai furfura a gefen kai. Ta karɓi agogon a hannun Inna ta duba ramin, ta mayar mata.

"Ƙarfe nawa ta haɗiye?"

Anti Babba ta san amsar. Ita ta saita agogon, ta kuma san yatsun 'yarta ba sa iya barin abu mai ɓaruwa ko na minti ɗaya.

"Bai daɗe ba," ta ce. "Kamar rabin awa."

"Likita, tun tara da rabi ne," in ji Inna daga baya. Muryarta ba ta tashi ba. "Goma ba ta yi ba na ga yawu yana zuba."

Likitar ta duba agogon bango. Ɗaya saura minti biyar.

"Wace ce uwar a cikinku?"

"Ni ce."

"Awa uku da rabi. Kina ina?"

"Ina wurin."

"Kina wurin. Yarinya tana zubar da yawu, ba ta ci, ba ta magana, kina wurin. Aikin me kike yi?"

"Renon yara."

Nas ɗin da ke ɗaura wa Aku abin awo a hannu ta yi wani ɗan sauti ta hanci. Likitar ta juya wajenta ta ce a ɗauki hoton ƙirji.

Hoton ƙirji ya fito cikin minti goma. Ga shi nan, fari, zagayayye, a maƙale ƙasan maƙogwaro.

"Ki saurare ni," in ji likitar. "Wannan ba kwabo ba ne da za a jira ya wuce. In ya jiƙe a maƙogwaro ƙuna yake yi, yana cin nama. Awa biyu ta ishe shi ya yi ɓarna. Za mu sa ta barci mu ciro shi ta baki yanzu. Abin da ya riga ya ci, sai mun shiga mu gani. Yana kusa da inda murya ke fitowa. Sa hannu nan. Nan gaba kuma, in likita ya tambaye ki lokaci, ki faɗi gaskiya. Mutuncinki ba shi ne a kan gadon ba."

Aka tura gadon. Aku ba ta miƙo hannu ba, ba ta kira kowa ba. Tana kwance tana kallon uwarta har ƙofa ta rufe.

Mijin ya iso da jakar aikinsa a kafaɗa, ƙurar siminti a gashinsa, yana haki.

"Ina take? Me ya faru? Wane irin batir?"

Anti Babba tana zaune a benci, Inna tana tsaye a gefe. Ba ta shirya abin da ta faɗa ba. Shi ya fito da kansa, a miƙe, da muryar nan tata ta aji.

"A ƙasa ta tsinta. Ba a share wurin da kyau ba."

Mijin ya juya kan Inna. Mutumin da abokai ke cewa ko sauro ba ya iya kashewa ya nuna tsohuwar da yatsa har ya kusa taɓa hancinta.

"Ke ce mai sharar? Aiki ɗaya tak aka ba ki a duniya, shara! Ido ya mutu, ba za ki zauna a gida ba, sai kin kashe 'ya'yan mutane? Don tausayi ake riƙe da ke, kin sani? Wallahi in wani abu ya sami yarinyar nan, sai kin ƙare tsufanki a kurkuku."

Mutanen da ke layi suka juyo. Wata mata ta ce, "Kai, masu aikin yanzu." Inna ta tsaya, hannayenta a cikin mayafi. Ba ta kalli mijin ba. Anti Babba take kallo, kallo mai tsawo, irin na mai jira.

Anti Babba ta kalli bango.

"Ki tafi, Inna. Gobe ba sai kin zo ba."

Inna ta gyaɗa kai. Ta fito da takalman Aku ta jera su a kan benci, dama a dama, hagu a hagu. Sannan ta fito da agogon ta ajiye a gefensu.

"Kayan aiki ne. Kada a ce na tafi da shi," ta ce. "Allah ya tashi kafaɗarta."

Ta bi baranda a hankali, tana ɗan jan ƙafar hagu, har ta ɓace cikin mutane.

Agogon yana kife, bayansa a sama. Mijin ya daɗe yana kallon jan tef ɗin. Ya ɗauka, ya manna shi da babban yatsa, tef ɗin ya sake ɗagowa.

"A hannunta kika sa mata?"

Anti Babba ta sunkuyar da kai.

"Minti nawa?"

"Uku."

"Ta yi nawa a kai?"

"Ban ƙirga ba."

"Ke? Ke ba ki ƙirga ba?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ta zauna tana jiran ƙara, abin ƙarar yana cikin wuyanta. Kuma ba ta tashi ba. Lallai kin iya aiki. Ya kamata a kira iyayen su zo su gani."

Ya kalli hanyar da Inna ta bi. Anti Babba ta ɗauka zai tashi ya bi ta. Bai tashi ba. Ya kwashi takalman 'yarsa ya koma can ƙarshen bencin, ya sa su a cinya.

"In ta fito babu murya," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "kin huta. Dama surutunta ke damun ki."

Suka zauna. Agogon bango yana tafiya. Anti Babba ta san kalmomin da ake bukata. Sau dubu nawa ta tsaya a kan yaro tana jiran su? Ta san yadda ake gane na gaskiya da na ganin ido, ta san yaron da ke faɗa don ya sauka kawai. Ta jera su a cikin kanta, ta juya wajen mijin. Yana share ƙura daga takalmin hagu da gefen rigarsa. Ta ce a ranta ba shi ya kamata ya fara ji ba, Inna ce. Ta ciro waya ta nemo lambar Inna, ta kalle ta, hasken wayar ya mutu. Ta ce a ranta ba a waya ake faɗin irin wannan ba. Ta ce Aku ce ta farko, in ta farka. Da wannan ta tsaya, ta riƙe shi da ƙarfi.

Bayan awa ɗaya da wani abu likitar ta fito riƙe da 'yar kwalba. Batirin yana ciki, gefensa ɗaya ya yi baƙi, kamar an tono shi daga toka.

"Mun ciro. Ya ƙona, amma bai huda ba, iya abin da muka gani. Irin wannan ƙuna takan ci gaba bayan an cire, saboda haka za ta zauna nan kwanaki muna dubawa. Ba ruwa, ba abinci ta baki sai na ce."

"Muryarta fa?" in ji mijin.

"Wurin ya kumbura. Ba zan yi muku alkawari ba. Sai ta farka mu ji." Ta miƙa wa Anti Babba kwalbar. "Riƙe. Ki kai wurin aikinki ki ajiye inda za ki riƙa gani."

Rana ta yi sanyi lokacin da aka bar su suka shiga. Ɗakin yara ne mai gado shida, an zana kifaye a bango. Aku tana gadon kusa da taga, ta yi ƙanƙanta a cikinsa. An ɗaure mata hannu ɗaya da allurar ƙarin ruwa, robar ta bi ta cikin wata na'ura mai ƙananan fitilu. Leɓunanta sun bushe. Mijin ya tsaya a gefen taga rungume da takalman. Anti Babba ta ja kujera ta zauna dab da gadon.

Sun fi rabin awa a haka kafin yarinyar ta buɗe ido. Ta kalli silin, ta kalli kifayen. Ta ga ubanta, bakinta ya motsa kaɗan.

"Aku," in ji shi. "Akuna. Ga Baba. Ga takalmanki, kin gani? Ki saka yadda kike so."

Idonta ya gangaro kan uwarta, kan rigar aikin da har yanzu ke jikinta da tabon madara a gaba. Anti Babba ta matso. Kalmomin suna nan, ta kawo su har bakin haƙora. Daidai lokacin yarinyar ta ɗaga hannunta mai lafiya ta fara taɓa tef ɗin da ke riƙe da allurar, tana neman bakinsa da farce.

"Kada ki taɓa!"

Ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji shi a ɗakin. Aku ta janye hannun da sauri. Ta haɗa tafukanta biyu a kan cikinta, ɗaya bisa ɗaya, kamar mai rufe wani abu. Ta juya fuskarta ga bango, ta daina motsi.

Mijin ya rufe ido.

"Aku," in ji Anti Babba a hankali. "Juyo. Ba haka nake nufi ba. Juyo mana."

Yarinyar ba ta juyo ba. Ba a waiwaye a kan kujera, ko wa ya kira.

Ruwan da ake ƙara mata ya kai ƙarshe a ledarsa. Na'urar ta kunna jar fitila ta fara ƙara, tit, tit, tit, tana kiran nas.

Kafaɗun Aku suka sauka. Ta juyo da kanta a hankali, ta nemi idon uwarta. Ta haɗiye, fuskarta ta yamutse don zafi, ta sake gwadawa. Abin da ya fito ba muryar da ta cika bas da safe ba ce. Wata 'yar iska ce mai kaushi, sai da su biyun suka sunkuya kafin su ji.

"Anti," ta ce, "yi haƙuyi. Na daina."